Naman Layyar Da Na Kai Wa Kawunku Yusufu

Halima, Nura, zancen da za ku ji idan kun je Kano na riga na san shi, domin ni ma an faɗa mini shi ido da ido. Za a ce muku ubanku ya yi kasuwa a Guangzhou har ana layi a ƙofar shagonsa, sai 'yar China ta shanye shi, ya rufe shago ya koma renon ƙaninta. Baffanku Sabo ne ya fara rera wannan waƙar, sauran dangi suka amsa masa. Ban tsaya musu da kowa ba, saboda wanda bai shaƙi warin ɗakin da zan ba ku labari ba, ko na kwana ina bayani ba zai gane ba. Amma ku kun tashi da Kawu Yusufu a gida ɗaya, kun ci a kwano ɗaya da shi, ya kamata ku san yadda aka yi ya zo.

Shekarar da aka haifi Nura ce. A lokacin shagona yana cikin ɗaya daga manyan kasuwannin Guangyuan, kusa da tashar jirgin ƙasa. Jakunkuna nake sarowa daga Shiling, in loda wa 'yan Kano da 'yan Maraɗi. Mahaifiyarku Asiya kuwa tafinta take yi a ofishin masu jigilar kaya, a nan ta koyi Hausar da take zazzaga mini faɗa da ita har yau. Musulmin arewacin China ne su, sun sauko kudu neman abinci, ita da mahaifiyarta da ƙaninta Yusufu. Shi Yusufu a lokacin ya haura talatin, ƙato ne mai faɗin kafaɗa, amma fahimtarsa ta yaro ƙarami ce, kuma haka aka haife shi. A Kano da sai a ce dolo ne ko gaula, kalmomin da ban taɓa so ba. Maganarsa ba ta da yawa. Yana son abinci, yana son naɗe kwali, in ya zo shago sai ya naɗe duk kwalayen da ke ƙasa ya jera su tsaf. Ya ji ma'aikata suna kirana Loban, wato maigida, shi ke nan ya riƙe. Har gobe bai san ina da wani suna ba.

Kakarku ce take kula da shi tun yana jariri. Da ciwon ajali ya kama ta, ita da kanta ta zaga gari da sandarta tana neman inda za a riƙe mata ɗa, don ba ta son ta ɗora wa 'yarta nauyi a gidan miji. Ta samu wani gida a bayan gari, ta wajen Huadu, inda ake ajiye masu irin lalurarsa. Aka nuna mata lambu, aka nuna mata gadaje masu farin zani, aka yi mata alkawarin ba za a ba shi naman alade ba. Ta dawo tana hamdala, kuma da wannan kwanciyar hankalin ta rasu. Ni na ce a kawo shi gidanmu, amma ban matsa ba, don tsohuwa ta riga ta yanke magana.

Gidan yana da ƙa'ida. Ziyara sau ɗaya ce a wata, ran Lahadi, kuma sai an buga waya tukuna. Idan mun je sai a zaunar da mu a wani ɗaki mai sanyi, ga kifaye suna yawo a akwatin gilashi, ga shayi. Sai a fito da Yusufu fes, sanye da shuɗiyar jaket ɗin da Asiya ta saya masa. Yakan yi shiru fiye da da, yana yawan hamma, amma shugabar gidan takan ce ai natsuwa ce ya samu. Ban da wannan, kullum da rana sai an turo wa Asiya hotonsa ta waya, yana zaune a gefen wata shuka da lemon zaƙi a hannu. Da cikin Nura ya tsufa ta daina iya doguwar tafiya, hotunan nan su ne abincin ranta. Takan miƙo mini waya ta ce in duba yadda Didi ya yi kyau. Didi shi ne ƙane a harshensu.

Sai Babbar Sallah ta zo, Nura bai yi sati biyu a duniya ba. Su ma 'yan China suna da jegonsu, wata guda cur mace ba ta fita, ba ta taɓa ruwan sanyi, ko taga ba a buɗe mata sosai. Saboda haka rabon nama ya faɗo kaina. Mun yi layya a wata mahauta ta Musulmi a bayan gari, matan 'yan uwanmu suka soya, na bi gidajen abokai da maƙwabta na ba kowa nasa. Washegari zan tafi Shiling duba kaya tare da Alhaji Issaka, wani aminina mutumin zangon Kumasi mai lodin kaya zuwa Ghana, sai na ga sauran nama a kula. Na ce wannan na Yusufu ne, ai hanya ce. Wallahi ko kaɗan tunanin buga waya bai zo mini ba. A garinmu wa yake neman izini kafin ya kai wa surukinsa naman layya? Sallama kawai ake yi a shiga. Ko Asiya ban faɗa wa ba, don a wajena ba abin faɗa ba ne.

Mun isa gidan rana tana tsaka, zafin Guangzhou ɗin nan mai jiƙa riga. Maigadi ya leƙo ta taga, ya ga baƙaƙen fata biyu da kula, ya kaɗa hannu.

"Meyo, meyo," in ji shi. Babu, babu. Yau ba ranar ziyara ba ce.

Na yi masa bayani da Sinancin kasuwa cewa nama kawai zan miƙa in fito. Ya rufe tagarsa. Issaka ya ja hannun rigata.

"Alaji, mu tafi. Ka ba shi naman shi kai mishi, ko mu ci abinmu a hanya."

"Naman layya na ɗauko da sunan mutum, in koma da shi? Ai sai na sa masa a hannu."

Ɗan kasuwa ya san kowane babban gini yana da ƙofar kaya. Muka zaga baya, muka tarar da motar kayan miya ana saukewa. Wata tsohuwa mai girki ta gan ni da kula, ta ɗauka saƙo na kawo, na ambaci sunan Yusufu, ta nuna mini matakala da haɓarta ta ci gaba da yankan kabeji. Haka muka hau, ba wanda ya tare mu.

Warin ne ya fara tarar mu tun kafin mu ƙarasa hawa. Fitsari ne wanda ya kwana ya wuni, aka zuba masa maganin wanke ƙasa bai ji ba. A saman matakalar akwai ƙofar ƙarfe irin ta shago, da sakata ta waje. Na zare sakatar na tura. Babban ɗaki ne, tagoginsa a rufe, fanka ɗaya tana juyawa, talabijin yana ta ihu ba mai kallonsa. Mutane ne cike, maza da mata, duka an yi musu aski ƙwal, duka cikin tufafi iri ɗaya masu ruwan toka, har ba ka bambance mace da namiji sai ka matso. Tsakar rana ce amma rabinsu gyangyaɗi suke yi, kai ya faɗo kan ƙirji, yawu yana zuba. Wani yana kwance a ƙasa cikin jiƙaƙƙen wando. Wata tana buga goshinta a bango a hankali, a hankali, ba wanda ya ce mata kanzil. Na yi mutuwar tsaye. Issaka a bayana sai salati yake yi ƙasa-ƙasa.

Sai idona ya kai lungun ɗakin. Wurin kaɗai aka yi wa fenti, rawaya mai haske. Ga shukar nan da na sani, ga ɗan teburin nan. Wani saurayi yana tsaye da waya, wata ma'aikaciya tana jawo mutane ɗaya bayan ɗaya. Ta zaunar da wani tsoho, ta goge masa baki da tsumma, ta zura masa shuɗiyar jaket, ta danƙa masa lemo. Saurayin ya ɗauki hoto. Ta karɓe lemon, ta tuɓe jaket ɗin, ta ture shi gefe, ta jawo na gaba. Jaket ɗin Yusufu ce. Ni na raka Asiya unguwar Tianhe muka saye ta, na san ta kamar yadda na san hular kaina. Lemon ma guda ɗaya ne yake zagaya su duka, har ya yi laushi.

Ban gane Yusufu da farko ba. Sau biyu idona ya wuce ta kansa. Ashe jaket ce take cika shi a ranakun ziyara. Ba ita, sai ga ƙasusuwan wuya a waje, wuyan riga yana lilo. Yana zaune a kan benci ya ƙura wa ƙasa ido. Na durƙusa a gabansa na kira sunansa. Ya ɗago a hankali kamar wanda aka tasa daga barci mai nauyi, ya daɗe yana kallona.

"Loban," ya ce.

Na buɗe kular. Ya ku 'ya'yana, na ga yunwa a rayuwata, amma ban taɓa ganin mutum ya ci abinci kamar yadda kawunku ya ci naman nan ba. Hannu biyu ya sa, yana turawa ba tauna, yana kare kular da ƙirjinsa. Ƙamshin ya tashi waɗanda ke gyangyaɗi. Suka taso suka kewaye mu, ba hayaniya, ba faɗa, hannuwa kawai suke miƙowa. Issaka, ƙaton mutumin da ke yi wa 'yan dako tsawa a tashar kwantena, yana raba musu nama yana share hawaye da kafaɗa.

Ma'aikaciyar ta saki jaket ɗin ta rugo. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ta ƙarshe ba, idanunta sun yi ja don gajiya. Na daka mata tsawa, na tambaye ta me ake ba su da suke barci da rana haka.

"Magani," ta ce. "Bayan karin safe kowa sai ya sha."

"Likita ne ya rubuta wa kowa da kowa?"

"Loban, ni kaɗai ce mai kula da su daga safe har dare. In ba su sha ba, ni kaɗai yaya zan yi da su?"

Fushina ya rasa inda zai sauka, sai ga shugabar gidan ta hauro tana haki, da maigadi a bayanta. Ita ce matar da ke zuba mana shayi tana tambayar lafiyar cikin Asiya. Murmushin nan dai ta zo da shi.

"Ai da ka kira, Loban. Yau ranar shara ce, shi ya sa ka ga wurin haka. Sauko ƙasa mu sha shayi, yanzu za a shirya maka shi."

"A shirya mini shi? Kaya ne?"

Na faɗi maganganu a ranar, wasu da Sinanci, da ya ƙare mini na koma Hausa, kuma ba duka ne zan rubuta muku ba. Na kama hannun Yusufu zan fita da shi, shugabar ta tare ƙofa. Ta ce ni ba ni ne waliyyinsa ba, yayarsa ce, in na fitar da shi za ta kira 'yan sanda ta ce baƙo ya saci mara lafiya. Issaka ya raɗa mini cewa gaskiya ta faɗa, kuma ni da shi mun san yadda irin wannan ƙarar take ƙarewa da baƙar fata. Haka na saki hannunsa. Da aka mayar da sakatar ina jin muryarsa ta cikin ƙarfen yana cewa Loban, Loban, ba da ƙarfi ba. Shiling ɗin da ba mu je ba ke nan.

Na tarar da mahaifiyarku a kan gado tana shayar da Nura, kanta ɗaure da ɗankwali mai kauri. Tun kafin in zauna ta miƙo mini waya tana murmushi.

"Baban Halima, dubi Didi yau."

Ga shi nan, jaket, shuka, lemo. An ɗauka kafin mu iso. Na zauna a bakin gado na faɗa mata duk abin da na gani, ban rage komai ba. Tana saurare fuskarta tana canzawa, amma ba irin canjin da na zata ba. Haushina ta ji.

"Ka shiga ta ƙofar girki kamar ɓarawo, ka tayar musu da hankali, sannan ka zo kana faɗa mini wannan? Mama ce ta zaɓi gidan nan. Da ƙafarta ta je, tana ciwo. Kana nufin Mama ba ta san abin da take yi ba?"

"Ban ce haka ba. Abin da aka nuna mana shi aka nuna mata."

"Ku dai komai naku sai an yi hayaniya."

Maganar ta yi mini zafi, amma na haɗiye. Na ce ta koma baya a wayar, ta duba hoton jiya, da na shekaranjiya, da na watan da ya wuce. Na ce ta duba ta faɗa mini wane mahaluki ne yake sa jaket a wannan zafin, da ko singileti mutum ji yake kamar ya tuɓe. Ta fara turawa da yatsa. Shuka ɗaya, tebur ɗaya, zama iri ɗaya, idanu a lumshe rabi. Tana ta turawa har wayar ta zame ta faɗi kan zanin Nura. Da ta buɗe baki, da Sinanci ta yi magana, kuma ba da ni take ba, da mahaifiyarta take.

Mun yi shawara a yammacin nan, ba ta ɗauke mu dogon lokaci ba. Yusufu ba mutumin da za a bari shi kaɗai a gida ba ne, ga jariri, ga Halima tana ƙaramar makaranta. Dole ɗayanmu ya zauna. Aikin Asiya shi ne mai tabbas, kuma ita ce 'yar ƙasa. Shago kuwa ba ya yiwuwa sai da mai shi a tsaye, kullum kana hanyar Shiling, kullum kana wajen lodi. Na san in na saki, kwastomomin da na tara shekara da shekaru za su watse cikin wata biyu, kuma haka aka yi. Na ji ciwon abin, ba zan yi muku ƙarya ba. Na daɗe ba na iya bi ta gaban kasuwar nan. Amma ba wanda ya shanye ni, ni na ce zan zauna, tun kafin ta roƙa.

Washegari da safe mahaifiyarku ta karya jegonta. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar garinsu, ta tsaya a ƙofa tana roƙonta, tana cewa iska za ta shiga ƙashinta ta yi ta ciwo har tsufa. Asiya ta miƙa mata Nura ta wuce. Da muka isa ba ta bi ta wajen maigadi ba, ta ce in nuna mata ƙofar da na bi. Amma sun riga mu. An wanke ɗakin, an buɗe tagogi, an sa wa kowa riga mai launi. Shugabar ta tare mu da fara'a, tana kallona a kaikaice, kamar mai cewa ga maƙaryacin nan. Asiya ta wuce ta gabanta. Ta je wajen ƙaninta ta zuge jaket ɗin, ta ɗaga rigar ciki, ta ga haƙarƙarinsa. Ta sa hannu a takardun da suka kawo, muka fito da shi. Daga baya ta kai ƙara hukuma, an je bincike, na ji an ce gidan ya canza suna. Sauran mutanen ɗakin nan ban san inda suka ƙare ba, kuma har yau sukan faɗo mini a rai.

Mun iso gida lokacin abincin rana. Asiya ta dafa masa taliyar garinsu da naman rago, irin wadda kakarku take yi masa. Halima, ke kika kawo masa cokali, kina leƙensa ta bayan kujera. Ya ci kwano biyu, ya sha romon, har ya yi ɗan murmushi. Na ji sanyi a raina, na ce a zuciyata to, mafi munin abin ya wuce, na riga na ga iyakarsa.

Da ya gama sai ya ture kwanon. Ya gyara zama, ya manna bayansa da kujera, ya haɗe ƙafafunsa. Ya miƙa hannuwansa biyu ya shimfiɗa su a kan hannayen kujerar, ya dubi yayarsa, ya faɗi wata kalma guda. Ya sake faɗa, a natse, kamar mai tuna wa mutum abin da ya manta. Kalmar ba ta cikin Sinancin kasuwa, ban san ta ba. Na juya zan tambayi Asiya, sai na ga ta dafa tebur, fuskarta ta yi fari fat.

"Me yake cewa?"

"Cewa yake a ɗaure shi," in ji ta. "Ya gama cin abinci. Lokacin ɗauri ya yi."

Ta durƙusa ta ɗauke hannuwansa daga kan kujerar ta rungume su a ƙirjinta, tana ce masa babu, Didi, babu, a nan ba a yi. Ya dube ta cikin rashin fahimta. Tana saki, ya mayar da su inda suke, ya ci gaba da jira.